Ƙarfi Aro Ne: Darasi Daga Rayuwar Power Mike

  A wannan karo za mu ɗan jingine maganar ruwan famfo da ta kuɗin littattafai waɗanda muka saba tattaunawa, mu shiga fagen kokawa. Kada mai karatu ya ce Ticha ya rasa abin faɗa ne. Akwai dalili, kuma ga shi.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi nan Sakasaka ta tare mu da sassafe muna kan hanyar makaranta. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Ticha, ɗanka fa kullum yana fita da kayan makaranta, amma an ce mini ba ya isowa wurinku." Da muka duba rajista sai muka tarar kwana tara ke nan ba a ga ƙeyarsa ba, alhali kuwa yana aji uku na ƙaramar sakandare, saura 'yan watanni ya zauna jarrabawar BECE. Muka bi sawu har muka same shi a bayan wani kango tare da wasu samari, sun cika gwangwanaye da siminti sun soka ƙarfe a tsakiya, ga tsofaffin ƙarafan mota a gefe, kowa na ɗagawa yana nishi. Yaron bai gudu ba, bai kuma yi mana rashin kunya ba. Cewa ya yi, "Ticha, ni boko bai karɓe ni ba, jiki Allah Ya ba ni. Ɗan kokawa zan zama irin na talabijin. Abin da suke samu a dare ɗaya ya fi albashinku na shekara."

Ba mu yi masa musu a kan albashi ba, domin a nan gaskiya ya faɗa. Sai muka ce ya same mu a gida bayan la'asar. Da ya zo muka kai shi zauren wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi yaron mota a kudu zamanin yana saurayi, ya kuma taɓa ganin Power Mike da idonsa lokacin da ya zo Gana. Abin da muka gaya wa yaron nan a wannan zaure shi muke so mu maimaita a nan, saboda mun san irinsa suna da yawa a Zangon Hausawa da Aboabo da Sabonjida, kai har Zangon Kumasi da Nima a Ankara.

Yaran yanzu ba su san Power Mike ba, amma iyayenmu sun san shi. Mu da muka taso muna yara, in aka ga yaro yana cika baki da ƙarfi sai a ce masa, "Kai Pawa ne?" Sunansa na yanka Michael Okpala. An haife shi ranar 8 ga Agusta, 1939, a garin Neni da ke cikin Jihar Anambara ta yanzu a Nijeriya. Ibo ne. A 1952, yana ɗan shekara 13, ya tafi Anaca domin koyon kasuwanci, kamar yadda aka saba a ƙasarsu a ɗauki yaro a ba wani ya horar da shi a shago. A can ne ya shiga kulob ɗin damben zamani mai ɗauke da sunan Dick Tiger, wato ɗan damben nan na Nijeriya wanda daga baya ya zama zakaran duniya a 1962.

A 1958 ne ya bar Anaca ya nufi Kano domin ya ƙware a harkar taya. A nan muke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Mutumin nan baƙo ne a Kano, kamar yadda kakanninmu suka zo baƙi Salaga da Yandi da Tamale a zamanin fataucin goro. Ba shi da gona a can, ba shi da gadon gida, ba shi da sarauta. Abin da baƙo ke riƙe kansa da shi a ko'ina shi ne sana'ar hannunsa da kyawun halinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu facin taya a kan hanyar Bolga ya ga yadda ake ɓalle tayar babbar mota daga gindinta da guduma da ƙarfe, ya san irin wannan aiki ba na rago ba ne.

A Kano ne ya gane cewa ƙarfin da Allah Ya ba shi ya wuce na sauran mutane, kuma jama'a za su iya biyan kuɗi domin su gani. Ya laƙaba wa kansa suna Power Mike, ya fara nuna bajinta a bainar jama'a: ya tanƙwara ƙusa mai inci 6 da hannu, ya ɗauki ƙarti huɗu a lokaci ɗaya, ya yi jan igiya shi kaɗai da gungun mutane. Kanawa kuwa ba baƙin kallon ƙarfi ba ne, ƙasar dambe ce da kokawa da sharo, saboda haka wanda ya burge su ba ƙaramin abu ya yi ba. A 1961 ya fara zagaya Nijeriya, ya je Anaca da Inugu da Aba da Fatakwal da Legas da Jos da Kaduna. A 1964, zamanin mulkin Kwame Nkrumah, ya ƙetaro nan Gana, daga nan ya wuce Kodebuwa da Sanagal.

Da muka kawo nan sai dattijon ya karɓi magana. Ya ce wa yaron, "Ɗana, gani ya kori ji. Ƙusa irin wadda kafinta ke buga katakon rufi da ita, ya riƙe ta ya lanƙwasa kamar karan dawa. Mu a lokacin cewa muke yi asiri ne." Muka yi dariya, yaron kuma ya gyara zama.

A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya, Power Mike ya tafi Turai. Ya fara da ƙasar Suwidin yana nuna ƙarfi, sannan ya wuce Girka, inda ya koma ɗan kokawa sosai, irin ta dandamali mai igiyoyi. Ya yi wasa a Ingila, sannan ya dawo Afirka a 1970. A wannan shekara ce ya kayar da Massambula ɗan ƙasar Gambiya, ya zama zakaran Afirka a ajin masu nauyi. A 1973 ya kayar da Ali Baba ɗan ƙasar Labanan, ya kuma kayar da Johnny Kwango a Legas. A waɗannan shekaru babu lungun da sunansa bai shiga ba a Nijeriya, har ya tsallako mana nan ta bakin direbobi da fatake.

To, ga inda labarin ya fi amfani gare mu. A 1976, yana ɗan shekara 37, sunansa na tashe, jama'a na son ganinsa, sai ya ajiye kokawa. Bai jira ranar da wani yaro sabon jini zai yi masa kayen wulaƙanci a gaban mutane ba. Ya kafa kamfanin shirya wasanni mai suna Power Mike International Promotions, ya koma shi ke gayyato manyan 'yan kokawa daga ƙasashen waje zuwa Nijeriya, irin su Mil Mascaras ɗan Meziko mai rufe fuska, da Mighty Igor, da Carlos Colon. Wanda da ake sayen tikiti domin a kalle shi, ya koma shi ke buga tikitin. Ilmin ciniki da ya koya a shagon Anaca da wurin taya a Kano shi ne ya dawo ya yi masa rana. Ya rasu a Abuja a watan Maris na 2004, yana da shekara 64.

Mu malaman makaranta ba mu da makami sai alli da lissafi. Saboda haka muka ɗauki gawayi muka rubuta wa yaron lambobi uku a dandaryar zaure. Na farko 64, shekarun da mutumin ya yi a duniya. Na biyu 9, wato daga 1967 da ya tafi Turai zuwa 1976 da ya ajiye kokawa. Na uku 28, wato daga 1976 zuwa 2004, shekarun da ya yi yana ci yana sha yana ɗaukar nauyin iyali bayan ya sauka daga dandamali. Muka tambaye shi wanne ya fi yawa, 9 ko 28? Ya ce 28. Muka ce, to kai duk shirin da kake yi a bayan kangon nan na shekara taran ne. Wane shiri ka yi wa ashirin da takwas ɗin? Ya sunkuyar da kai bai ce komai ba.

Kuma ko shekara taran nan ba kowa ke samun cika ta lafiya ba. Massambula ɗin nan da Power Mike ya kayar, sananne ne ƙwarai a Ingila, ana nuna shi a talabijin yana shigowa fage da fatar damisa. A 1975 ya ji mummunan rauni a wani wasa a can Ingila, kuma daga wannan rana kokawarsa ta ƙare. Mutum biyu, sana'a ɗaya, zamani ɗaya: ɗaya ya sauka da ƙafarsa a lokacin da ya zaɓa, ɗayan rauni ya saukar da shi a lokacin da bai shirya ba. Babu ɗan kokawar da ya san wanne daga cikin biyun nan ne rabonsa, shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata samarinmu su sani game da kokawar da suke kallo a waya da talabijin. Mu ma mun kalle ta a gidajen bidiyo muna yara, muna satar jiki bayan makarantar dare, har mukan yi musu ko jinin gaske ne. Gaskiyar magana ita ce masu shirya wasan su ke tsara wanda zai ci tun kafin a hau dandamali. Kamfanin da ake kira WWE yanzu, shi da kansa ya bayyana wa majalisar Jihar New Jersey ta Amurka a 1989 cewa abin da yake yi wasan nishaɗi ne, domin a cire shi daga ƙarƙashin dokokin da ke kula da gasar wasanni. Wannan ba ya nufin aikin banza ne. Faɗuwar ta gaske ce, karaya ta gaske ce, kuma sai wanda ya horu yake iyawa. Abin da yake nufi shi ne ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina a wannan sana'a. Sai ka iya magana a gaban dubban mutane, ka iya karanta takardar yarjejeniya kafin ka sa hannu, ka iya zama da masu kamfani.

Yaron ya ce, "To Ticha, Kofi Kingston fa? Ai namu ne." Muka ce madalla da ka kawo shi. An haifi Kofi Sarkodie-Mensah a Kumasi a 1981, iyayensa suka tafi da shi Amurka yana ƙarami. Sai da ya gama jami'a a Boston, ya karɓi digirinsa, ya yi aikin ofis, sannan ya shiga kokawa. Ya fara fitowa a manyan wasannin WWE a 2008, ya yi shekara 11 yana jira kafin ya ci babban kambun kamfanin a watan Afrilu na 2019, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe shi. A wannan shekara ya kawo kambun gida, ya gaida shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya kuma gaida Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu. A watan Oktoba na shekarar kuma Brock Lesnar ya karɓe kambun daga hannunsa a wasan da bai kai daƙiƙa 10 ba. Jiran shekara 11, riƙon wata 6, rabuwa cikin ƙiftawar ido. Digirinsa kuwa babu wanda ya karɓe.

Jama'a, abin da ya fi tayar mana da hankali ba wai yaranmu za su tafi Amurka su karye a dandamali ba ne. A cikin dubu da wuya ɗaya ya ga ƙofar jirgi. Tsoronmu shi ne inda ƙarfin nan ke ƙarewa a nan gida. Kowa a garin nan ya san cewa idan zaɓe ya matso, ko rigimar fili ta tashi, akwai masu zuwa da manyan motoci suna neman samari masu ƙirji, waɗanda ake kira maco. A ba yaro 'yan sidi da riga mai hoto, wani lokaci har da ƙwayar taramol domin ta cire masa tsoro, a tura shi gaba. In abu ya ɓaci, mai motar yana gidansa da 'ya'yansa da ke karatu a jami'a, uwar yaron ita ce ke zaryar ofishin 'yan sanda da kwanon abinci. Bayan tashin hankalin da aka yi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso ta Yamma a Ankara ranar 31 ga Janairu, 2019, majalisa ta kafa dokar hana ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa a wannan shekara, kuma hukuncinta ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Mu kuma 'yan zango mun san halin da muke ciki: yaro ɗaya ya yi ɓarna, a ce 'yan zango ne, a shafa wa kowa. Power Mike baƙo ne a Kano, ya sayar da ƙarfinsa a fili, da rana tsaka, ga mai son kallo, bai mare kowa domin wani ya ci zaɓe ba. Shi ya sa har yau ake ambatonsa da alheri.

Amma kada mu ɗora wa yara laifi duka. Saurayi mai jini a jika dole ya nemi inda zai gwada kansa, in ba a ba shi fage ba zai nemi kango. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa bayan kaka, in an gama girbi, ake share dandali a kira makaɗa, samari su ɗaura bante su gwada ƙwanji a gaban manya, wanda aka kayar ya tashi ya karkaɗe jikinsa a tafi gida ana raha. Mun zo da harshe da addini da sana'ar fawa da ɗinki, amma kokawa mun bar ta a hanya. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su bar ta ba. A 1975, zamanin Seyni Kountché, suka kafa gasar kokawa ta ƙasa wadda ake ba zakaranta takobi. An yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin. Yanzu jihohi takwas ke haɗuwa, kowace da 'yan kokawa goma, ƙasa gaba ɗaya na saurare a rediyo da talabijin. Filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso kuma sunan Salma Ɗan Rani. Ƙasar da ta karrama tsofaffin 'yan kokawarta haka ta nuna wa samarinta inda ake kai ƙarfi.

Saboda haka muna da kira guda uku. Na farko ga iyaye: in kun ga yaro ya fara ɗaga ƙarfe kada ku zage shi, motsa jiki lafiya ne, amma ku san wurin da yake zuwa da waɗanda yake zama da su, ku kuma riƙa leƙowa makaranta kuna tambayar rajista. Uwar yaron nan da ba ta tare mu a hanya ba, da wataƙila sai ranar jarrabawa za a farga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu ga Sarkin Zango da dattawa da shugabannin samari: mene ne zai hana a shirya kokawar gargajiya sau ɗaya a shekara, washegarin Babbar Salla, a filin wata makaranta, da izinin hukuma da alƙalai da ma'aikacin lafiya a gefe? A gayyaci maƙwabtanmu Dagwamba da Farafara da sauran masu sha'awa, a sa sharaɗi ɗaya, cewa ba mai shiga fage sai ɗan makaranta ko mai koyon sana'a wanda maigidansa ya tsaya masa. Kyautar ma ta zama keken ɗinki ko akwatin kayan aiki. Na uku ga samarin kansu: tun 2017 karatun babbar sakandare da na makarantun koyon sana'a na gwamnati kyauta ne a ƙasar nan, abin da mu ba mu samu ba a zamaninmu. Ku ɗaga ƙarfenku da yamma, da safe ku zo aji.

Mai karatu zai so ya ji yadda muka ƙare da yaron. Ya dawo makaranta ran Litinin da ta biyo baya. Ba za mu ce ya zama na ɗaya a aji ba, lissafi har yanzu yana ba shi wuya, muna zama da shi bayan tashi sau biyu a mako. Ƙarfen ma bai bari ba. Sai dai uwarsa ta roƙi wani mai facin taya a unguwa ya riƙa zuwa wurinsa ran Asabar da Lahadi, kuma mai gidan ya ce bai taɓa samun yaro mai ɓalle tayar tirela da sauri kamarsa ba. Abokansa yanzu Pawa suke kiransa, shi kuma ba ya jin haushi. Muna roƙon masu karatu su sa shi cikin addu'a shi da sauran 'yan ajinsa, Allah Ya ba su sa'ar jarrabawa, Ya kuma tsare mana zuri'a daga masu neman ƙarfinsu domin ɓarna.

Duk mai ra'ayi a kan shawarar kokawar Salla, musamman dattawan da suka taɓa shiga fage a gida kafin su zo ƙasar nan, ya aiko da wasiƙa ta hannun edita, za mu buga ta a wannan fili. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalam.